Ranar da Jita Ta Zagayo Ta Bayana

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen unguwarmu Sabonjida ba za su bar ni ba, da ranar da na zauna a kan kujerar Bra Fuseini na rufe idona don in saurari faifan jita. Har yau in na tuna sai in ji bayan wuyana ya yi sanyi.

A lokacin ina saurayi, kuma sana'ata sa kiɗa a wurin biki da suna. Ina da rediyo mai kaset, da amfilifaya da na saya ta hannu, da manyan akwatunan sifika biyu da wani kafinta ya haɗa mini, kowanne ya kai ƙirjina. A amalanke ake kai su wurin biki, ni kuwa ina biye a baya ina taƙama kamar ni na ƙera su. Abin da na fi alfahari da shi a duniya kunnena ne. Na sha faɗa wa mutane cewa ko sauro ya yi tari a cikin waƙa sai na ji shi. (Ba wanda ya taɓa tambayata, ni nake sanarwa.)

Shekarun nan ne na wahala. Ruwan sama ya ƙi, gobarar daji ta cinye gonaki, shagunan Tamale sun zama wayam. Mutum zai bi layin burodi tun safe, ya iso gaba a ce ya ƙare. Sukari, madarar gwangwani, sabulu, duk sun zama abin da ake ambata da murya ƙasa-ƙasa. Ga kuma sojoji. Suna yawo a kasuwa suna neman masu kalabule, wato masu ɓoye kaya ko sayarwa sama da farashin gwamnati. Da idona na ga sun kwantar da wata mata mai sayar da atamfa, matar da tun ina yaro take ba ni alewa in na wuce, suka zane ta a gaban jama'a, ɗankwalinta a ƙasa. Ba wanda ya ce uffan, har da ni. Tun daga ranar, in na ji ƙarar takalmin soja a kan dakali sai in canja hanya.

Mahaifiyata, da muke kira Mma, tebur take da shi a kasuwa, kuma tun rasuwar babanmu da teburin nan take ciyar da ni da ƙannena mata. Wani direban babbar mota ne yake kawo mata sabulun sanda daga Kumasi, da tsadar da in ta sayar a farashin gwamnati ko uwar kuɗinta ba za ta fitar ba. In ta sayar yadda ya kamata, bulala. In ta ajiye a ɗaki aka gani, bulala. Gidanmu kuwa gidan haya ne, ɗakuna a jere, kowa na ganin abin da ke ƙarƙashin gadon kowa.

Wata rana ta shigo ɗakina ta tsaya tana kallon akwatunan nan nawa, ta daɗe.

"Bayan wannan abin buɗewa yake yi?" in ji ta.

Na ce yana yi.

"Cikinsa fa, akwai fili?"

Kafin la'asar mun kwance bayan akwatunan biyu mun jera sabulu a ciki har sama, muka mayar muka ɗaure. Dama bukukuwa sun yi ƙaranci, wa zai yi biki ba shinkafa? Sai dai daga ranar sautin sifikokina ya koma kamar na mai mura, kuma in ganga ta buga da ƙarfi sai ƙanshin sabulu ya fito ta gaba. Na dafa ƙirji na ce, "Mma, ko wuƙa suka sa mini a wuya, ba mai jin wannan magana a bakina."

Ta dube ni ta ce, "Ban ce ka rantse ba. Cewa na yi ka yi shiru."

A cikin wannan hali ne wani ɗan garinmu, Bra Fuseini, ya dawo daga Jamus. Mu a nan duk wanda ya dawo daga can boga muke ce masa, kuma shi boga ne na gaske, wando har cibiya, sarƙa a wuya, turarensa na riga shi shiga ɗaki. Gidansu na unguwar Sakasaka. Labari ya bazu cewa ya zo da wani injin kiɗa mai sifika huɗu, wanda ke sa waƙa ta yi tafiya a cikin ɗaki kamar mutum. Na ce ƙarya ne. Na faɗi haka a teburin mai shayi, na faɗa a ƙofar masallaci, har maganar ta koma kunnensa, ya aiko cewa in zo in ji da kaina duk ranar da aka kawo wuta.

Akwai kuma wani dalilin da ya sa na goge rigata ranar. Bra Fuseini yana da ƙanwa, Memunatu. Na daɗe ina zagaya layinsu ba tare da wani aiki ba, kuma ta fara amsa gaisuwata da murmushi. Na ƙudurta a raina cewa zan je in nuna wa yayanta, a gabanta, cewa mu ma da ba mu hau jirgi ba mun san sauti.

Wata Asabar bayan azahar wuta ta zo. Na isa na tarar da falon a share, an ja labule, an ajiye sifika a kowace kusurwa, biyu a gaba, biyu a baya kusa da ƙofa. A tsakiyar ɗakin kujera ɗaya ce tak, ta ba ƙofa baya. Mahaifiyarsu, Hajiya, tana zaune kan tabarma a gefe da carbinta. Sai kuma wani baƙo da ban yi tsammani ba: Ticha Mensa.

Ticha Mensa mutumin kudu ne, Kirista, siriri mai tabarau, ya daɗe yana koyarwa a Tamale har ya koyar da Bra Fuseini a firamare. A Sabonjida yake haya, layi biyu daga gidanmu. Kuma shi ne shugaban kwamitin unguwarmu, irin kwamitocin nan da aka kafa a lokacin don sa ido a kan masu ɓoye kaya. In sojoji suka shigo unguwa, shi suke fara nema. Ban taɓa ji an ce ya kai ƙarar wani ba, amma ban taɓa ji an ce bai kai ba. Na gaishe shi har da rusunawa, ya amsa da Hausarsa ta kasuwa: "Mai kiɗa, lafiya? Mma yana lafiya?" (Shi mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa.) Na ce tana lafiya, ina jin kamar ƙanshin sabulu na fita daga jikina.

Bra Fuseini ya zaro faifan daga kwalinsa, ya riƙe shi ta gefe da tafin hannu kamar jariri. Da na ga hoton da ke kan kwalin sai na yi dariya, don na san shi. Wani mutumin Sifen ne mai kaɗa jita, ba waƙa, kiɗa zalla. Ina da shi a kaset da aka kwafa daga wani kaset ɗin da shi ma kwafa aka yi, kuma shi nake sawa a biki lokacin da manya ke cin abinci.

"Bra, wannan ai na haddace shi," na ce. "Ko a barci aka tashe ni zan gaya maka abin da ke biye."

"Wanda ka sani daban," in ji shi. "Wannan komawa suka yi suka ɗauko ainihin abin da aka ɗauka ranar, suka rarraba shi. Kowane sauti suka ba shi wurin zamansa a ɗaki. Wannan gaba, wannan baya, wannan dama. Turawan ma sun gaji da abin, shi ya sa na same shi da araha, amma ka ji dai."

Daidai lokacin Memunatu ta shigo da tire da kofunan ruwa, sai na ɗaga murya: "Kunne biyu Allah ya ba ɗan Adam, Bra. Sifika biyu sun isa. Sauran biyun ado ne."

Ya yi murmushi ya nuna mini kujerar. "Zauna nan. Rufe idonka. Kada ka buɗe sai na ce."

Na zauna, na harɗe ƙafa, na rufe ido. Na ji allura ta sauka a kan faifai.

Bari in faɗi gaskiya, don faifan ya cancanta. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kuma har yau da kayan sauti suka cika duniya ban sake ji ba. Jitar ba daga akwati ta fito ba, a gabana take, kusa, kamar in miƙa hannu in taɓa ta. Ina jin yatsun mutumin suna zamewa a kan tsirkiya da wani ɗan ƙiii, ina jin farcensa, ina jin katakon jitar yana amsawa daga ciki. A kaset ɗina duk wannan babu, sai wani shuuu kamar ana soya gyaɗa a maƙwabta. Nan kuwa har faɗin ɗakin da suka yi kiɗan nake ji, ɗaki ne mai tsawo, mai daɓen katako, ya fi falon da nake zaune girma nesa. Ƙafar da na harɗe na sauke ta ban sani ba.

Sai na ji numfashi a bayan kunnena na hagu.

Numfashin namiji ne, ya ja iska ta hanci ya sake. Tsigar jikina ta tashi. Na san Ticha yana dama, Bra Fuseini yana gaba wurin inji, Hajiya na kan tabarma. To wane ne a bayana? Na ce wa kaina faifai ne, ka natsu. Wata jitar ta biyu ta ɗauka daga bayan, ta zagayo ta dama a hankali, ta wuce ta gabana, ta koma inda ta fito. Sai kujera ta yi ƙara can baya, irin ƙarar da kujera ke yi in mai nauyi ya miƙe tsaye. A nan na fara rasa gane wane sauti ne na faifai, wane ne na gidan. Ido a rufe, ƙofa a bayana, ga Ticha Mensa a ɗakin. Wani tunani ya faɗo mini: me ya kawo shugaban kwamiti nan yau? Me ya sa ya tambayi Mma? Wa ya ce a ajiye kujerar nan ta ba ƙofa baya?

Kiɗan ya yi sauri, ya yi sauri, sai ya tsaya cak. Shiru. Ina jin bugun zuciyata a cikin kunnen nan da nake taƙama da shi.

Sai aka buga ƙofa.

Ba ƙwanƙwasar baƙo ba ce. Bugu ne mai nauyi a kan katako, daga baya, daidai inda ƙofar falon take, irin na gindin bindiga. Aka sake bugawa. Sai takalma. Takalma masu ƙarfe a dunduniya, suna dukan daɓe, ba na mutum ɗaya ba, suna matsowa ta bayana dama da hagu. Wata murya ta daka tsawa da wani yare da ban gane ba, wata ta amsa. Sai wani tas! tas! a saitin kunnena, irin ƙarar da bulala ta yi a bayan matar nan mai atamfa.

Ban san lokacin da na bar kujerar ba. Na dai samu kaina a durƙushe, goshina kusa da ƙasa, hannuwana sama, idona har yanzu a rufe (ga biyayya), ina ihu da muryar da ban san ina da ita ba:

"Ofisa, kada ku dake ni! Yana cikin sifika! Sabulun yana cikin sifika! Wallahi ba nawa ba ne, na Mma ne, ita ta ce a sa!"

Ban tsaya nan ba. Na ƙara da cewa direban Kumasi ne yake kawowa, kuma a shirye nake in kai su in kwance musu da hannuna.

Ina cikin haka sai jitar ta dawo, mai daɗi, cikin nishaɗi, takalman suka shiga bin ta daidai da kiɗa, tafi ya biyo baya. A hankali kunnena ya fara gaya mini abin da ya kamata ya gaya mini tun farko. Masu rawa ne. Bugun ƙofar kuwa mai jitar ne yake dukan cikin jitarsa da yatsu. Bulalar tafi ce. Duk suna nan a kaset ɗina tun shekaru, a cikin suyar gyaɗar nan, ban taɓa jin su ba.

Na buɗe ido. Ƙofa a rufe, labule ko motsi bai yi ba. Memunatu na tsaye da tire, bakinta a buɗe. Carbin Hajiya ya tsaya a hannunta.

Da an yi dariya da na ji sauƙi. Ba wanda ya yi. Bra Fuseini ya ɗage allurar, fuskarsa ta yi toka, ya juya wurin Ticha.

"Wace sifika? Ticha, na rantse da Allah nawa babu komai a ciki! Memuna, kawo sukundireba! Ticha, zo ka duba da idonka!"

"Ba naka yake nufi ba," in ji Hajiya a hankali. Ta dube ni, irin kallon da ake wa kazar da mota ta taka. "Uwarsa yake nufi."

Ticha Mensa ya cire tabaraunsa, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya kalli silin. Ni kuwa na miƙe, na kakkaɓe gwiwa, na ce (Allah ya yafe mini), "Sautin ba laifi." Na fita ko takalmina ban sa daidai ba.

Daga Sakasaka zuwa Sabonjida ba nisa, amma ranar na ji kamar hanyar ba za ta ƙare ba, kuma ban so ta ƙare ba. Duk motar da ta taho ta bayana sai in raɓe jikin bango. Na tarar da Mma a tsakar gida tana tuƙa tuwo. Na ce ina son magana a ɗaki. Ta biyo ni da muciya a hannu, na gaya mata komai, ban rage ba, don na san in na rage za ta ji sauran a kasuwa.

Ta zauna a bakin gado. Ban taɓa ganin Mma ta zauna haka ba, kamar an zare mata ƙashin baya.

"Sojojin nawa ne?" ta tambaya.

Na ce babu soja.

"Wa ya dake ka?"

Na ce ba kowa.

"To wa ya tambaye ka?"

Na ce ba wanda ya tambaye ni. Ta kalli akwatunan, ta kalli ƙofa, ta ce, "A gaban Ticha." Ba tambaya ba ce. Sai ta miƙe ta koma wurin tuwonta, don kada maƙwabta su ji ƙauri su tambayi dalili.

Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan ko maƙiyina ya gan su. Ba mu iya fitar da sabulun ba, don duk wanda aka gani da kaya a ka ko a amalanke sai an tsayar da shi an bincika. Ba mu iya binnewa ba, tsakar gidan siminti ne kuma idanu sun yi yawa. Sai Mma ta yanke shawarar mu cinye shi da wanki. Muka wanke kayan sawa, muka wanke zannuwan gado, muka wanke labule, muka sake wanke waɗanda suka bushe. Ƙannena suna wanka safe da rana da yamma har fatarsu ta fara tsagewa. Ba a taɓa yin gida mai tsabta irin namu a Sabonjida ba. Sai dai a garin da mutane ke wanka da toka da ruwa zalla, kumfa a bakin kwata ita ma shaida ce. Wata maƙwabciyarmu ta tsaya ta shaƙi iska ta ce, "Mma, ɗakinku kamar kanti." Muka daina. Sabulun kuwa ko alamar raguwa bai yi ba.

Mma ta daina zuwa kasuwa. Ta ɗaura zane biyu, ta sa tsohuwar riga mai kauri a ciki, kullum, cikin zafin nan. Da ƙanwata ta tambaye ta dalili sai ta ce sanyi take ji. Ni na san dalilin, shirin bulalar soja take yi, kuma sanin ya fi bulalar ciwo. In an yi sallama a ƙofar gida sai dukanmu mu daskare. Na yi tunanin in je in sami Ticha in ce ƙarya na yi, nawa ne, ni za a daka. Har na kai bakin layinsu, na hango wata motar soja a can nesa tana juyawa, ƙafafuna da kansu suka mayar da ni gida. Wannan ma sai na faɗa, tunda na fara faɗin gaskiya.

Ranar da Ticha ya zo, da la'asar ne. Muka ji muryarsa a tsakar gida yana gaisawa da mutane. Shi kaɗai ne, da 'yar jakarsa ta makaranta. Mma ta shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakina.

"Mai kiɗa," in ji shi, "kai ka ce kana da wannan kiɗa a kaset. Sa mini, ina so na ji."

Allah ya sa akwai wuta. Na sa kaset ɗin, na kunna. Jitar ta fito daga akwatunan nan a shaƙe, kamar mutum na magana da bargo a baki, ƙanshi na biye da ita. Ticha ya saurara, kai a sunkuye, har aka zo wurin bugun ƙofar, wanda a nan bai fi ƙarar faɗuwar cokali ba. Ya girgiza kai.

"Wannan sifika ba lafiya. Ciki ya cika."

Ya juya wurin Mma, ya rage murya.

"Mma, ji magana. Ni ba na so soja ya taɓa kai. Amma abin da yaro ya faɗa, ba ni kaɗai na ji ba, magana ya fara yawo. Gobe da safe ka kawo tebur ƙofar gida, ka sa duka a kai, ka sayar da farashin gwamnati. Ni zan tsaya kusa da kai. In soja ya zo, ni zan ce kai ne ka kawo da kanka, ba wanda ya kama kai."

Mma ta san abin da wannan ke nufi, jarinta ne kaf zai tafi. Sai ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Na gode, Ticha. Allah ya rufa maka asiri."

Da zai tafi na raka shi ƙofa, kaina a ƙasa. Ya tsaya ya dafa kafaɗata.

"Wannan bugu, ni ma na ji. Idona a buɗe, ina ganin ƙofa, amma zuciyana ya tashi zai gudu." Ya ɗan yi dariya. "Ni dai ba ni da sabulu."

Washegari layi ya miƙe daga ƙofar gidanmu har ya sha kwana. Ticha na tsaye da tabaraunsa, Mma na miƙa sabulu ɗaya-ɗaya, ni ina kwasowa daga cikin sifika a gaban duk unguwa. Sojoji biyu sun zo wucewa, Ticha ya yi magana da su, suka karɓi sanda ɗai-ɗai suka tafi. Kafin rana ta take tebur ya zama fanko. Mma ba ta sake komawa sana'ar tebur ba, koko da ƙosai ta koma sayarwa a ƙofar gida, kuma ni nake tashi in hura mata wuta ba tare da ta ce in yi ba.

Memunatu kuwa wani direba ta aura daga unguwar Bulpiela. Ni na sa kiɗa a bikin, Bra Fuseini ne ya nace. Yara suna bin amalankena suna rera "Yana cikin sifika!", sunan da ya bi ni har na yi furfura. Shi Bra Fuseini sai ya mayar da ni talla. Duk baƙon da ya zo jin injin nasa sai ya ce masa, "Ka san mai kiɗan Sabonjida? Tambaye shi ko sautin nan na da kyau." Kuma gaskiyarsa. Ban san sunan mutanen da suka zauna can ƙasar Turawa suka rarraba sautin nan kusurwa-kusurwa ba, amma in suna neman shaidar cewa aikinsu ya yi, ga ni nan da raina.

Mma ta yi wata guda ba ta tayar da maganar ba. Sai wata safiya muna gaban kasko, tana juya ƙosai, ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Ni abin da nake ta tunani, sojan faifai ka ba shi uwarka da direban Kumasi. Da na gaske ne ya zo, me ya rage da za ka ba shi?"

Na sunkuya na ƙara itace a wuta. Abin da dai na ɗauka shi ne, in mutum ya matso kusa da ni ya ce zai gaya mini wata magana amma kada kowa ya ji, nakan dakatar da shi tun bai fara ba, in ce masa ya nemi wani, ni an gwada ni.